Yadda Ake Ɗaura Bit na Sukudireba a Injin Huda Mai Batir Ba Tare da Ya Faɗo ko Ya Maƙale Ba

Tun da injin huda mai batir ya fara sauƙin samu, da wuya ka ga kafinta ko mai haɗa sola a garuruwanmu na tsakanin Ringim da Gumel da bai mallaki ɗaya ba. Dalilin a fili yake. A ƙauye ba a jiran wuta, kuma ba kowane mai aiki ne zai saya maka man janareta don ka ɗaure sukuru ashirin ba. Ka kai batir biyu shagon caji da magariba, gobe ka wuni kana aikinka. Sai dai na sha ganin mutum ya sayi injin, ya sayi akwatin nan mai ɗauke da ƙananan kawunan sukudireba da muke kira bit, ya dawo gida ya tarar abin biyu ba sa jituwa. Ya saka wannan ya faɗo, ya saka wancan ya shige ya ƙi fita. Daga nan sai a ce an sayar masa da jabu. Sau da yawa lafiyar injin ƙalau, bit ɗin ma haka. Abin da ba a gane ba shi ne ta ina bakin injin yake kamawa.

Ni ma a bakin aiki na koya. Wata shekara, ana dab da faɗuwar damina, muna kafa kantoci a wani shago a wani ƙauye da ke gefen Taura. Bit ɗinmu dogo ya cinye, sai yaron da ke koyon aiki a hannuna ya zaro wani gajere daga akwati ya tura a bakin injin. Ya ɗaure sukuru uku lafiya. Da ya zo cirewa sai na ji ya ce, "Maigida, ya ƙi fita." Na karɓa na duba: ɗan tsininsa kaɗai ke leƙowa, ko farce ba ya kama shi. Mun fi awa muna fama da shi a gindin darbejiya, mai shago yana zaune yana jiran a gama masa kafin ranar kasuwa. Tun ranar nake fara koya wa duk yaron da ya zo wurina wannan babin kafin in bar shi ya taɓa injin.

Fara da duba bakin injinka

Baki iri biyu ne za ka fi haɗuwa da su. Na farko shi ne mai haƙora uku, wanda ake murɗawa da hannu ya buɗe ko ya tsuke. Yawancinsu suna buɗewa har milimita 10 ko 13, kuma za ka ga an rubuta haka a jikinsu. Wannan yana kama duk abin da ka ba shi, zagayayye ko mai kusurwa, domin matsewa yake yi.

Na biyu shi ne wanda muke magana a kansa: ɗan rami mai kusurwa shida, da zobe a kewaye da shi wanda ake ja da yatsu. Shi ne ke zuwa a kan injin ɗaure sukuru mai bugu, wanda ake ce wa impak, kuma akwai injinan huda da ake zare musu bakin mai haƙora a tarar da irin wannan ramin a ƙarƙashi. Wannan bakin ba ya matse komai. A cikin bangon ramin akwai ɗan boris guda ko biyu, da sifirin a bayan zoben. Idan ka ja zoben, boris ɗin ya koma cikin bango, hanya ta buɗe. Idan ka saki, ya dawo ya faɗa cikin wani kwarmi da aka zagaye jikin bit da shi. Kusurwoyi shida ɗin su ke juya bit, boris kuma shi ke hana shi fita. Duk wanda ya riƙe wannan ya gama rabin karatun.

Faɗin ramin rubu'in inci ne, wato milimita 6.35 daga gefe zuwa gefe, kuma awon duniya ne. Bit ɗin Bosch zai shiga injin Makita, na Ingco zai shiga na DeWalt. Abin da ba zai shiga ba shi ne ƙananan nan na masu gyaran waya, domin nasu milimita 4 ne, da kuma masu kauri na milimita 8 da masu gyaran babur ke sa wa sukudireban da ake duka da guduma. Bakin babban injin fasa kankare mai suna SDS kuwa wani abu ne daban, kada ka haɗa su.

Gajere da mai wuya

Zazzage akwatinka a kan tabarma ka ware su kashi biyu.

Kashi na farko gajeru ne, tsawonsu inci ɗaya, milimita 25. Jikinsu sumul yake, sai dai in ka duba da kyau za ka ga 'yan ƙananan tsaga a kan kusurwoyin, kamar an ɗan ƙarta da zarto. A takardun awo sunansu C6.3. Su ne suka fi yawa a kowane akwati domin sun fi arha.

Kashi na biyu sun fara daga milimita 50 zuwa sama, akwai 75, akwai 100, har 150. Kusa da gindinsu akwai kwarmi mai zurfi da ya zagaye su, kamar wuyan gora. Shi muke kira wuya. Sunansu a takarda E6.3. Waɗannan aka yi wa baki mai zobe, kuma wuyan nan shi ne gurbin boris.

Gajeren ba shi da wuya, don haka in ka tura shi kai tsaye boris ba shi da inda zai faɗa. Abu ɗaya cikin biyu zai faru. Ko dai ya zauna sakwa-sakwa, ka ɗaure sukuru ka janye injin ya bar bit ɗin a kan sukurun, daga nan ya faɗa cikin rairayi, kuma wanda ya taɓa neman ɗan ƙarfe mai tsawon gaɓar yatsa a tsakar gidan ƙauye ya san sai an tankaɗe ƙasa. Ko kuma ramin ya yi masa zurfi ya haɗiye shi, bugun injin ya ƙara cusa shi, kamar yadda ya same mu. Akwai wasu injina da aka ƙera bakinsu ya karɓi gajere kai tsaye, kuma takardarsu tana faɗin haka. In ba ka ga an rubuta ba, ɗauka naka ba ya ciki.

Maganin abin wani ɗan ƙarfe ne: mariƙi, wanda a kasuwa ake ce wa holda. Tsawonsa yawanci milimita 60. Gindinsa yana da wuya, don haka yana kulluwa a bakin injin, gabansa kuma rami ne marar zurfi da aka yi daidai gajeren bit. Holda iri-iri ce, kuma a nan ya kamata ka tsaya ka zaɓa. Akwai mai maganaɗisu kaɗai. Tana da daɗin canji, amma in bit ya ɗan cije a kan sukuru sai ta sake shi. Akwai mai maganaɗisu da ɗan zoben waya a cikin ramin, wanda ke faɗawa cikin ƙananan tsagogin nan na kusurwa. Wannan tana riƙewa sosai, har wani lokaci sai ka sa filaya kafin ka zare. Akwai kuma mai nata zoben da ake ja, kamar ƙaramin bakin inji. In aikinka na sama ne, silin ko rufi, wannan ta uku ko mai zoben waya nake ba ka shawara. Ga aikin benci, mai maganaɗisu ta wadatar. Akwai wata mai hannun riga da ake zamewa gaba ya rufe sukurun, tana taimakon mai koyo ƙwarai domin sukuru ba ya kaucewa gefe, yatsa kuma ba ya kusa da tsini.

Sakawa

Da farko ka mayar da maɓallin gaba da baya zuwa tsakiya. A nan makunnin yake kulle, ko ka matsa ba zai juya ba. In yaro ne ke canjawa, ya cire batir ɗin gaba ɗaya. Bit mai juyawa a cikin tafin hannu yana yanka fata.

Duba cikin ramin. In akwai ƙura ko garin katako, busa shi ko ka kaɗe. Sannan ka kama zoben da babban yatsa da manuni ka ja shi gaba, wato nesa da jikin injin. A mafi yawan injina haka ne, ko da yake akwai waɗanda ake turawa baya. In ka ja bai motsa ba, gwada ɗaya ɓangaren kafin ka sa ƙarfi. Kana riƙe da zoben, tura bit mai wuya ko holda, ka ɗan juya shi har kusurwoyin su dace, ka kai shi ƙarshe. Saki zoben. Dole ya koma mazauninsa da kansa. In ya tsaya a rabi, boris bai sami wuyan ba, ka ƙara turawa ko ka ɗan ja baya har ka ji ya ce ƙas.

Sai gwajin da ba na yarda a tsallake: kama bit ɗin ka fizge shi da ƙarfi. In ya fito, bai kullu ba. In ya ɗan yi motsi gaba da baya kamar faɗin ƙwayar gero, wannan ba laifi ba ne, haka aka yi shi. Sababbin injina da yawa ba sa bukatar a ja zoben wajen sakawa, turawa kawai ake yi ya kulle, amma su ma a fizga a gani.

Bayan holda ta kullu, sa gajeren bit a gabanta ka danna da yatsa har ya zauna. Daga nan ba ka sake taɓa zoben injin ba, gajerun kawai za ka riƙa canjawa a bakin holda.

Wanda injinsa mai haƙora uku ne shi ma zai iya samun wannan sauƙin. Ya sayi holda mai zobe, ya ɗaure ta sau ɗaya a cikin haƙoran, ya bar ta. Abin kiyayewa a nan shi ne haƙora uku su sauka a kan shafaffun gefuna uku, kada su hau kan kusurwa, kuma kada su kama daidai wuyan. Tura ta ciki sosai, ka tsuke a hankali kana ɗan juya ta da yatsa har ka ji ta zauna, sannan ka murɗa da ƙarfi. Kunna injin a iska ka kalli tsinin. In yana rawa kamar kan ƙadangare, kwance ka sake.

Akwai wani abu da ya rikita ni na tsawon lokaci, kuma ya shafi masu sayen injin gwanjo. Nisan da ke tsakanin gindin bit da wuyansa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Na yawancin duniya wajen milimita 9 da rabi ne, amma injinan da aka yi don kasuwar cikin Japan suna da rami mai zurfi, nasu wajen milimita 13 ne. In ka sa bit na gama-gari a irin wannan injin zai kullu, amma gindinsa bai taɓa ƙasan ramin ba, sai ya riƙa kai da komo fiye da kima. Akwai ɗan guntun ƙarfe da ake jefawa cikin ramin ya cike gurbin. In kuma ka sa bit mai dogon gindi a injin mai gajeren rami, zai kai ƙarshe wuyan bai iso wurin boris ba, ba zai kullu ba ko ka kwana kana turawa. Wannan ya fi faruwa da bit mai baki biyu, mai tsawon milimita 65, wanda ya cika kasuwanninmu. Shi ya sa nake cewa ka tafi da injinka kasuwa. Ko a Kofar Ruwa ne cikin Kano, ko a rumfar masu kayan aiki ranar Juma'a a Wudil ko ranar Alhamis a Maigatari, saka shi a gaban mai kaya, ka fizga, sannan ka biya.

Bakin bit da kan sukuru

Ka kulle bit da kyau, amma in bakinsa bai dace da kan sukuru ba, aikin banza ne. A nan ne aka fi asarar sukuru da bit a wurinmu, domin duk mai kai kamar gicciye sunansa ɗaya a bakin mutane: sita. Alhali iri biyu ne.

Akwai Phillips, mai alamar PH, wanda ya ɗauki sunan Henry Phillips na Amurka, mutumin da ya yaɗa shi a shekarun 1930 har masu ƙera motoci suka karɓa. Kansa gicciye ne kawai, fikafikan bit ɗin kuma suna da ɗan gangare, shi ya sa in sukuru ya yi tauri yake son turo bit waje. Akwai kuma Pozidriv, mai alamar PZ, wanda ya fito a shekarun 1960 don gyara wannan matsalar. Ɗauki sukuru ka kalli kansa a rana. In ka ga wasu siraran layuka huɗu a tsakanin hannayen gicciyen, kamar an zana tauraro, PZ ne. Bit ɗinsa ma yana da ƙananan haƙarƙari huɗu a tsakanin manyan fikafikan. Baƙin sukurun nan mai kaifin tsini da kafintoci suka fi saye, PH2 ne. Ruwan ɗorawan nan na katako, da waɗanda ke zuwa da hinjin kabad, galibi PZ2 ne.

In ka sa PH a kan sukurun PZ zai shiga, har ya ɗaure in katakon mai laushi ne, amma da ya ji tauri zai fara tsalle yana ƙara, ya cinye kan. In ka sa PZ a kan sukurun PH kuwa bai ma zauna ba tun farko. Lambar ma a kula: 1 na ƙanana ne, 2 na matsakaita masu kaurin milimita 3 da rabi zuwa 5, 3 na manya. Gwajin da nake yi a tsaye shi ne in ɗora sukurun a bakin bit in kwantar da su a iska. In sun dace, sukurun zai zauna daram, ba ya lilo ko na girgiza kaɗan. In yana kaɗa kai, canja.

Torx, mai tauraro mai tsini shida da alamar T, ya fito a 1967, kuma a ganina ya fi su duka riƙo. Za ka gamu da shi a jikin injina, motoci da wasu kayan sola: T15, T20, T25, T30. Matsalarsa ɗaya, T20 yana shiga kan T25 ya yi kamar ya dace. Kullum gwada na sama da wanda ya shiga, in shi ma ya shiga to shi ne daidai. Sukuru mai tsaga ɗaya kuwa, irin na tsofaffin ƙofofi, bar shi da sukudireban hannu. Inji yana zamewa daga kansa ya kwarzane katako ko ya soki hannu.

Ɗaurewa

A saman injin huda akwai maɓallin giya mai lamba 1 da 2. Giya ta 1 tana tafiya a hankali da ƙarfi, ita ce ta sukuru. Giya ta 2 gudu ce, ta huda. Kada ka canja giya injin yana juyawa.

Bayan baki akwai zobe mai lambobi, daga 1 zuwa goma sha wani abu ko ashirin da wani abu, sannan hoton bakin huda, wasu har da hoton guduma. Wannan kuloci ne. Idan sukuru ya kai taurin da ka zaɓa, sai injin ya saki yana ƙara tar-tar-tar, bit ya daina juyawa. Lambobin ba awo ɗaya ba ne a kowane inji, don haka kada wani ya ce maka lamba kaza ita ce ta hinji. Ɗauki guntun katakon da za ka yi aiki da shi, sa kuloci a ƙasa kamar 4 ko 5, ɗaure sukuru ɗaya. In ya saki kafin kan ya nutse, ƙara biyu ka sake. Ci gaba har kan ya zauna daidai da fuskar katako, sai ka bar shi a nan. A kan hoton bakin huda kuloci ba ya saki ko kaɗan, a nan ne ake tsinke kan sukuru ko injin ya murɗe wa mutum wuyan hannu. Hoton guduma na bulo da kankare ne, ba shi da hurɗa da sukuru. Impak ba shi da wannan zoben, yatsanka ne kulocinsa: in ka ji ya fara bugu kuma kan ya kusa zama, sassauta.

Tsayuwar jiki ita ce sauran. Injin da sukuru su zama layi ɗaya, kamar ɗaya ne ya ci gaba da ɗaya. Hannu ɗaya a mariƙin injin, ɗayan a ƙeyarsa yana dannawa. Fara a hankali har tiredi, wato murɗin da ya zagaye jikin sukurun, ya kama, sannan ka ƙara gudu, ka rage in an kusa ƙarshe. Da zarar ka ji bit ya yi tsalle sau ɗaya, tsaya. Kada ka ce bari in ƙarasa. Tsalle na biyu da na uku su ke mayar da gicciye rami. Sake zaunar da bit, ƙara dannawa, rage gudu. In ya sake, warware sukurun tun kansa na da sauran kamu, ka jefar ka ɗauki wani.

A busasshen katako mai tauri irin madaci, ko kusa da bakin falanki inda yake son tsagewa, fara huda ƙaramin rami. Kaurin bakin hudar ya yi daidai da cikin sukurun ban da tiredi: sukuru mai milimita 4 yana son rami na 2 da rabi zuwa 3. A nan ne baki mai zobe yake biyan kuɗinsa, domin akwai bakin huda mai gindi mai kusurwa shida da wuya. Ka huda, ka ja zobe, ka sa holda, ka ɗaure, duk kana kan tsani ba ka sauko ba. Goga tiredin a jikin kyandir yana sa dogon sukuru ya shige da sauƙi. Na fi son kyandir a kan sabulu domin sabulu yana jawo tsatsa.

Wurin da ba na kai inji ko kaɗan shi ne sukurun da ke matse waya a soket, a inbata ko a na'urar cajin sola. Ƙanana ne, mazauninsu tagulla ce ko roba, ƙaramin ƙarfi yana lalata su. Kuma bit da holda ƙarfe ne tsirara, ba su da rigar da ke kare mutum daga wuta. Wannan aikin sukudireban hannu mai roba ne, bayan an kashe komai.

Ga masu rufin kwano da masu kafa ƙarfen sola, sukurun da ke huda da kansa yana da kai irin na noti, yawanci milimita 8, da washa mai roba a ƙarƙashi. Abin ɗaure shi ɗan soket ne mai maganaɗisu, gindinsa da wuya, yana shiga bakin zobe kai tsaye ba sai da holda ba. Wannan sukurun yana son gudu a farko domin tsininsa ya ci ƙarfen, sannan a sassauta. Tsaya da zarar robar ta ɗan kwanta. In ta fito ta gefe ta baje, ka matse da yawa, rana za ta tsattsaga ta, ruwan Agusta kuma zai sami hanya. Maganaɗisun soket ɗin yana tara garin ƙarfe har kan sukuru ya daina shiga ƙarshe, ya fara zamewa. Riƙa share shi da tsinke ko tsumma bayan kowane layi.

Idan ya riga ya maƙale

Cire batir tukuna. Juya bakin ƙasa, ja zoben ka riƙe, ka bubbuga gefen bakin a hankali da guntun katako. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In bai fito ba, ɗiga ɗigo ɗaya na man inji mai ruwa-ruwa a gefensa, jira minti biyar, ka sake. Sai ka gwada filaya mai siririn baki, wani yana riƙe maka zoben, kana ɗan karkaɗawa hagu da dama domin bugun injin yakan cije bit a gefe ɗaya. Maganaɗisu mai ƙarfi, irin na bayan tsohuwar sifika, yana taimakawa in babu abin kamawa. Namu na ranar nan da shi muka fitar, bayan mai ya jiƙa shi. In dogon bit ne ya karye gindinsa ya rage a ciki, hanyar ɗaya ce, sai dai dole zoben ya kasance a jaye domin boris yana cikin wuyan. Abin da ba a yi shi ne dukan bit da guduma ko cusa ƙusa ana banƙara. In ka ɓata ramin ko ka fasa mazaunin boris, gyaran ya zama na buɗe kan injin gaba ɗaya.

Abin saye da abin kiyayewa

Bit abu ne mai ƙarewa, kamar reza. Kalli bakinsa kowace safiya. In gefunan fikafikan sun yi sheƙi sun zagaye, ko sun ɗan murɗe, jefar da shi, domin bit ɗaya da ya cinye zai lalata maka sukuru hamsin. Shi ya sa na fi son gajeru da holda a aikin yau da kullum: abin da ke cinyewa ƙarami ne mai arha. Maimakon babban akwati mai guda ɗari da ba za ka taɓa rabinsu ba, sayi PH2 goma, PZ2 biyar, PH1 da PZ1 bibbiyu, 'yan Torx, holda biyu, soket na 8, da dogon PH2 guda ɗaya don lungun da holda ba ta shiga. Za ka ga an rubuta S2 a jikin wasu, sunan irin ƙarfen ne, kuma yana da kyau in na gaske ne. Mai impak ya nemi waɗanda aka yi don bugu, galibi baƙaƙe masu siririn ƙugu a tsakiya. Ƙugun nan yana ɗan murɗawa ya shanye bugun, na gama-gari kuwa yakan fashe, ɓarɓashin ya yi tsalle. Sa tabarau.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar baki mai zobe. Tana shiga bayan zoben ta haɗu da mai ta zama kamar kunu, boris ya daina komawa. Kada ka ajiye injin da bakinsa a ƙasa. Sau ɗaya a mako ka goge ramin da tsinke mai tsumma, ka ɗiga mai ɗigo ɗaya tak, ka ja zoben sau goma, ka goge abin da ya fito. Giris mai kauri ba na nan ba ne, ƙura yake kamawa.

Batir kuma zafi ne ke kashe shi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a nan, kada ka bar shi a kan kwano ko cikin akwatin babur a rana. In ka cire shi da zafi, ajiye shi a inuwa ya huce kafin ka kai caji. In kana sayen na biyu ka ga wani an rubuta 18V wani 20V, kada a ƙara maka kuɗi a kan lambar: ƙwayoyi biyar ne a jere a cikin kowanne, wani kamfani ya rubuta ƙarfinsu lokacin aiki, wani ya rubuta na lokacin da suka cika taf. Abin dubawa shi ne ko mazauninsa ya dace da injinka da cajarka, domin a nan kowane kamfani da irin nasa.